Yadda Jarrabawa Ta Fitar Da Ni Daga Zauren Alhaji

Saura kaɗan in tsallake wannan babin. Na ce wa kaina, wa zai zauna ya karanta labarin jarrabawa, abin da ku kanku kuka sha har kuka ƙoshi? Labarin Jidda da na Landan da na ranar da jirgi ya zubar da mu a Dakar ba shiri, waɗannan aƙalla akwai abin dariya a ciki. To amma da Sallar da ta wuce na ji Gwaggonku Asabe ta tara jikoki a tsakar gida tana gaya musu wai tsoron shanu ne ya kore ni daga Kontagora har Amurka. Na ga yaran sun yarda, har ƙaramar cikinsu tana kallona da tausayi. Shi ne na ce gara in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfin musu. Shanu dai ina tsoronsu, wannan ban taɓa musawa ba. Amma ba su suka kore ni ba.

Kakanku Alhaji fatoma ne. Ku da kuka tashi a Kaduna ba lallai ku san kalmar ba. Fatoma shi ne mai masaukin masu shanu. In Fulani suka kawo dabbobi kasuwa a gidansa suke sauka, shi zai ba su tabarma da tuwo, shi zai nemo musu mai saye, in rigima ta tashi kuma a zaurensa ake kashe ta. Zaurenmu bai taɓa wuni da yare ɗaya ba. Fulatanci a wannan kusurwa, Kambarci a waccan, ga Banufe yana ciniki da Badukke da Hausar da kowannensu ya lanƙwasa yadda harshensa ya ga dama. Aikin Alhaji duka abu ɗaya ne: ya ɗauki maganar wannan, ya ɗauki ta wancan, ya ɗinke su wuri ɗaya. Ban taɓa jin ya ce wa mutum maganarka ba ta da amfani ba. Ko shirme mutum ya zo da shi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, mun ji wannan, a ajiye ta nan, za ta yi amfani." A cikin wannan na tashi. Ni kaɗai ne namijin da ya rayu a gidan, don haka tun ina firamare kowa a unguwa ya san wanda zai gaji zauren, ban da ni.

Shekarar da ake ta raɗe-raɗin za a yanke mu daga Sakkwato a ba mu tamu jihar, aiki ya maido ni Kontagora. Na gama jami'a a Zariya, ina aikin gwamnati a ɓangaren ƙungiyoyin manoma, ina da babur da mata da ɗa ɗaya, wato kai Bashir, lokacin kana goye. Wani abokina ɗan Zuru da ya riga ya tafi Amurka karatun harkar kasuwanci ya bar mini wani littafi mai kauri kamar bulo, ya ce in an yi sabuwar jiha za a nemi waɗanda za a tura karatu, in shirya. Sai dai makarantun can ba sa ɗaukar mutum sai ya zauna wata jarrabawa tasu, wadda littafin nan ke koyarwa. Na sami Alhaji a zaure bayan azahar na gaya masa. Yana ɓare goro, bai ɗago ba, ya tambaye ni sau nawa ake zaman ta.

Na ce, "Ko sau nawa mutum ya so, Alhaji."

Ya ce, "Kai sau ɗaya za ka so, Ɗanjuma. In ka ci, Allah Ya kiyaye hanya. In ba ka ci ba, ka ajiye musu aikinsu ka zo ka zauna nan. Ƙafar nan tawa ta fara gajiya."

Ya faɗe ta kamar mai maganar hadari ya taso. Na ce na yarda, don a lokacin ban san akwai jarrabawar da za ta gagare ni ba.

Jarrabawar kashi-kashi ce. Turancin bai dame ni ba, lissafi kuwa dama nawa ne. Amma akwai wani kashi da ban taɓa ganin irinsa ba, kuma har yau ina zargin wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa zama da dattawa ba. Za a yi maka tambaya, sai a jera maka bayani biyu a ƙarƙashinta, na ɗaya da na biyu. Ba amsar tambayar ake so ba. So ake ka faɗi ko abin da aka ba ka ya isa a amsa ta. Zaɓi biyar ne: na ɗaya kaɗai ya isa, na biyu kaɗai ya isa, sai an haɗa su, kowanne shi kaɗai ya isa, ko kuma ko an haɗa su ba su isa ba. Misali a ce maka, lambar nan tana rabuwa biyu ba saura? Bayani na ɗaya ya ce tana rabuwa shida ba saura. Na biyu ya ce tana rabuwa uku ba saura. Ɗan firamare ya san abin da ya rabu shida ya rabu biyu, don haka na ɗaya ya gama magana. Na biyu kuwa bai ce komai ba, tunda tara ma tana rabuwa uku. Ni fa, mai digiri, sai in duba, in sake dubawa, in ciji fensir, in zaɓi "sai an haɗa su". A cikin tambaya ashirin, ranar da na ci takwas na yi abin kirki.

Alhaji bai taɓa tambayata yadda karatu ke tafiya ba. Fuskata yake dubawa in na fito cin tuwo. In ya gan ta a murtuke sai ya aika ciki a ƙaro nama, ya yi ta hira. A cikin watannin nan ne ma ya sa aka sake wa zaure daɓe, aka ɗora masa sabon kwano. Bai ce don wa ba.

Uwarku Hajara lokacin tana koyarwa a firamare. Ita ke duba mini amsoshi daga bayan littafin da jan biro irin na malamai, kuma ba ta rage mini komai don ina mijinta. Ina jin ma ƙarawa take yi. Wata rana ta ajiye biron ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ka lura duk faɗuwarka a rami ɗaya kake yin ta?"

Na ce, "Wane rami?"

"Sai an haɗa su. Kusan duk inda na ja maka jan biro, shi ka zaɓa. Kai ko dafaffen abu aka ba ka sai ka ce a kawo ɗanyen a zuba."

"Ai ba za su ba mutum bayani biyu a banza ba."

"A banza suke ba da shi mana, tarkon ke nan. Kai dai kunyar na biyun kake ji, kamar baƙon Alhaji ne ya zo daga nesa."

Yaya Asabe, wato Gwaggonku, tana gefe tana tankaɗe. A lokacin mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke riƙe da tukunyar baƙi. Ba ta yi boko ba, amma babu maganar da ke wuce ta a gidan nan. Ta kwashe da dariya har gari na tashi.

Ta ce, "Malam A-haɗa! Wallahi ɗan ubansa ne."

Sunan nan ya bi ni har na bar garin. Kuma uwarku gaskiya ta faɗa. In na karanta bayani na ɗaya, ko na ga ya isa, sai in ji ba daɗi in bar na biyun a tsaye ba a sa shi cikin magana ba. In na zo kan na biyun kuma, na ɗayan yana zaune a kaina ya ƙi tashi, sai in riƙa ara wa na biyu abin da bai faɗa ba. Shekara ashirin da wani abu ina kallon mutumin da ba ya jin magana sai tare da 'yar'uwarta. Kunnena a haka ya girma.

Dabarar da ta gyara ni ta uwarku ce, ku rubuta wannan ku ajiye, don ita ba za ta gaya muku ba. Kullum bayan la'asar sai ta rubuta tambaya a ɗan allon makaranta ta jingine shi jikin rijiya. Bayani na ɗaya ta riƙe shi a wurinta, ta zauna a ƙofar ɗakinta. Na biyu ta juya shi Hausa ta raɗa wa Yaya Asabe, ita kuma ta koma can ƙarshen gida wajen turmi. Ni sai in karanta allo, in je wurin uwarku in ji nata, kuma a nan take dole in ce ya isa ko bai isa ba. Daga nan in ratsa tsakar gida. A tsakiya akwai randa, dokar ita ce in tsaya in sha ruwa.

Uwarku takan ce, "Ka haɗiye maganata da ruwan nan. In ka isa wurin Yaya, ba ka taɓa ganina ba."

Sai in je wurin Yaya in ji nata, in yanke hukunci a kansa shi kaɗai. Ba a yarda su biyun su zauna tabarma ɗaya ba sai in na ce wa kowaccensu bai isa ba. To a nan ne kawai ake haɗawa.

Matsalar farko ita ce Yaya ba ta iya isar da saƙo yadda aka ba ta shi. Sai ta gyara.

Ta ce, "Wai wata mota ce ta tashi daga wani gari tana gudun mil sittin a awa. Ƙarya ne wannan, a wace hanyar? Ka rage, ka sa talatin."

Na ce, "Yaya, abin da aka ba ki kawai za ki faɗa."

"Ina ganin ƙarya in yi shiru? In hanyar Tegina ce da damina ko ashirin ba za ta yi ba."

Daga wurinta na koyi abu na biyu ba tare da ta sani ba: abin da ka sani game da hanyar Tegina, a ƙofa za ka bar shi. Abin da ke kan takarda shi kaɗai ne duniya. Matsala ta biyu ta fi wuya. Faɗa wa takarda bai isa ba abu ne mai sauƙi. Faɗa wa yayarka, ido cikin ido, tana riƙe da taɓarya, wani abu ne daban. Makon farko in nata bai isa ba sai in ji bakina yana cewa, "To, mun ji wannan, za ta yi amfani." Uwarku ta ɗaga murya daga ƙofar ɗaki ta ce ba a zauren Alhaji nake ba, in faɗi hukunci. Ranar da na fara faɗa a fili, Yaya ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Nawa ne bai isa ba? Na matarka ya isa, ko? Ni da na goye ka har bayana ya yi kanta!"

Na ce, "Ba ke ba ce, Yaya, bayanin ne."

Ta ce, "Bayanin a bakin wa yake?"

Muka yi dariya aka wuce. A hankali harshena ya yi ƙwari. Na koyi jin magana ita kaɗai, in juya ta, in nemi inda za ta ɓulle, in gwada ta da lamba ƙarama da babba da sifili, in ce mata bai isa ba ko da fuskar wa ta zo. Takwas ta zama sha biyu, sha biyu ta zama sha bakwai. Har randar ma na daina buƙata, sai dai ƙafata ta saba tsayawa. Alhaji in ya shigo alwala yakan tsaya ya kalle mu, ni ina kai da kawowa tsakanin mata biyu kamar ɗan aike, ya girgiza kai ya fita. Naman tuwo ya koma yadda yake da.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, ƙafar Alhaji ta kumbura sosai, aka ce kada ya taka ta. Ranar kasuwar shanu ce, da hantsi, sai ga hayaniya a ƙofar gida. Ardo Buba ne ya iso da shanunsa daga wajen Bobi. Shi wannan dattijo tun kafin a haife ni a gidanmu yake sauka, ragon sunana ma daga hannunsa ya fito, kuma yana da kusurwarsa a zaure da ba wanda ke zama ko ba ya nan. A cikin shanun akwai wata jar saniya. Bayansu kuma ga Bawa, wani manomi daga wajen Nasko, ya biyo su a ƙasa, ƙafarsa duk laka, yana cewa jar saniyar nan tasa ce, ta ɓace masa tun watan jiya. Shi ma ba baƙo ba ne, shanun nomansa duka ta hannun Alhaji ya saye su. Mutane suka taru. Na shiga na gaya wa Alhaji, yana kwance an ɗora ƙafar a kan matashi.

Ya ce, "Je ka ji su mana. Ai kai ne magajin."

Da murmushi ya faɗa, irin na wanda ya ga an kusa biya masa buƙata.

Ban yi wani dogon tunani ba. Abin da hannuna ya saba shi na yi. Na sa aka ɗaure saniyar a bayan gida tun Bawa bai matso kusa da ita ba. Na ce Bawa ya jira a gindin darbejiya, Ardo ya shigo zaure shi kaɗai. Tun daga nan na ji ana gunaguni, don a gidan nan ba a taɓa jin masu rigima ɗai-ɗai ba, tabarma ɗaya Alhaji ke shimfiɗa musu. Ardo ya zauna a kusurwarsa ya yi magana a natse. Ya ce tsagar kunnenta tasu ce tun kakansa. Ya ce da ƙafarta ta shigo garke, ta kwanta a tsakiyarsu, ko ɗaya ba ta tunkuye ta ba, kuma shanu ba sa yi wa baƙuwa haka. Na saurara har ya gama. A raina na juya maganar: rabin maruƙan da aka sayar daga Bobi da wannan tsagar suke yawo a gonakin mutane. Tana iya zama tasa, tana iya zama wadda aka sayar tuntuni. Bai isa ba.

Na fita. Ku yarda ko kada ku yarda, sai da na tsaya wurin randar ƙofar gida na sha ruwa. Na sami Bawa a gindin itace. Hausarsa irin ta mutanen wajen ce, a hankali yake jera ta.

Ya ce, "Malam, ni ba ni da dogon magana. Ka ɗaga ƙafarta ta baya ta hagu, can ciki kusa da hantsa, akwai tabon wuta uku a jere. Ni na yi mata da lauje bara da ta yi kumburi."

Na kira wani mahauci ya ɗaga ƙafar, ni kuwa na tsaya daga inda nake ganin ya dace da mai iyali. Tabo uku, a jere, a wurin da ba mai gani sai wanda ya sa su. Na dawo ƙofar zaure, jama'a sun cika, Ardo ya fito yana dogare da sandarsa. Na buɗe baki da muryar da na yi wata da watanni ina gyarawa a tsakar gida.

Na ce, "Maganar Bawa ita kaɗai ta isa. Ta Baba Ardo ita kaɗai ba ta isa ba. Ba sai an haɗa su ba."

Ardo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana ƙoƙarin tuna ko ɗan wane ne ni.

Ya ce, "Ƙarya na yi ke nan, ɗan Alhaji?"

Na ce, "A'a, Baba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Ba a dai buƙatarsa ne."

Ni a ganina lallashinsa na yi. Ya koma zaure ya naɗe buzunsa, ya ɗauki malfarsa, ya ce a kora shanu. Furar da Yaya ta dama masa tana nan a ƙwarya ba a buɗe faifan ba. Ranar a gidan wani fatoman ya sauka, can ɗaya gefen kasuwa. Bawa ya ja saniyarsa, amma bai yi kama da wanda ya yi nasara ba. Da zai wuce ya ce mini a hankali, da na bari sun gaisa da tsohon.

Na shiga na ba Alhaji labari tun daga farko. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya tambaye ni ko tabon yana nan da gaske. Na ce yana nan, guda uku.

Ya ce, "To ta Bawa ce. Hukuncinka daidai ne, kada wani ya gaya maka ba haka ba. Da ni ne, ban ma jin zan kai ga ɗaga ƙafar saniya. Da na zaunar da su wuri ɗaya mu yi ta juya magana har azahar, Bawa ya tafi da uwar, a yi wa Ardo alkawarin ɗan fari, kowa ya ci tuwo ya kwana. Kuma kada ka ɗauka tawa ba ta da aibi. Na sha raba abin mutum ɗaya gida biyu, mai gaskiya ya tafi da rabi yana yi mini godiya. Kai ba za ka taɓa yin wannan ba."

Ya gyara matashin ƙafarsa, ya dubi sabon kwanon zaure ta taga.

Ya ce, "Ɗanjuma, gara ka ci jarrabawar nan. In ka faɗi, wallahi ban san inda zan sa ka ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Yaya Asabe tana bakin ƙofa da ƙwaryar furar a hannu, ita ba ta yi ba. Ta ce ai ta tambaye ni tun tuni a bakin wa bayani yake, ta juya ta tafi.

A Kaduna na zauna jarrabawar, a wani babban ɗaki mai fanka ɗaya da ke aiki. Da na zo kashin nan sai na sa tafin hannuna na hagu na rufe bayani na biyu. In na gama da na ɗaya, in haɗiye yawu a madadin ruwan randa, in matsar da hannu in rufe shi, in buɗe na biyu, sai in ji shi da muryar Yaya har da ƙorafinta. Akwai wata tambaya da na juya ta ko'ina na ga lallai sai an haɗa su. Na ƙi yarda da kaina, na sake bi, na sake bi, kamar tsohon mashayi da aka miƙa wa kofi aka ce ruwa ne. Da na tabbata sai dariya ta kuɓuce mini, har mai tsaron ɗakin ya ɗago ya harare ni. Sakamako ya zo bayan an ba mu Jihar Neja, lokacin ma'aikata da kabad-kabad ɗinsu suna ta bin manyan motoci daga Sakkwato zuwa Minna. Na ci, kuma da kyau. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka yanka rago, ya ci kaɗan.

Kafin in tashi, ya hau bayan babbar mota da ƙafar nan tasa ya tafi Bobi da kansa. Bai gaya mini abin da suka yi da Ardo ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga wata ranar kasuwa Ardo da buzunsa sun dawo kusurwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali, ya yi mini addu'ar hanya. Ba wanda ya ambaci jar saniya, ranar ko bayanta.

Shekara biyu na ce zan yi. Daga karatu aiki ya ɗauke ni, daga wannan gari zuwa wancan, sauran kun sani tunda a cikinsa aka haifi yawancinku. Abin da na koya a tsakar gidan nan shi ya ciyar da ku. Duk inda na zauna a teburin shawara, ni ne mai cewa wannan bayanin bai isa a yanke hukunci a kansa ba, kuma an biya ni don in faɗi haka. Alhaji ya riƙe zaure iya yadda ƙafa ta bar shi. Ina zuwa hutu, muna hira, yana tsokanata da Malam A-haɗa, ko sau ɗaya bai ce in dawo ba. Zauren kuwa kun san shi, shi ne shagon da kuke kai wayoyinku caji in mun je Sallah. Kwanon da ke kansa har yau wanda Alhaji ya ɗora ne a shekarar nan. Wannan shi ne labarin. Na Gwaggonku ya fi daɗin ji, in kun ga dama ku riƙe duka biyun.

Da Alhaji ya rasu ina Legas, ban sami jana'iza ba, sai zaman makoki. Ni na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, a kan buzun Alhaji, karo na farko kuma na ƙarshe. Ranar addu'ar uku, bayan an watse, sai ga Ardo Buba. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, amma bai nemi a nuna masa kusurwarsa ba. Muka yi gaisuwa doguwa irin tasu, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan sama a ƙasashen da na je. Yaya ta aiko da fura, wannan karon ya sha har ya kaɗe ƙwaryar. Ya daɗe yana kallon ƙofa, inda ake ɗaure shanu da. Sannan ya juyo wajena.

Ya ce, "Ɗan Alhaji, ina da bijimai da zan kawo kasuwa mai zuwa. Wurin wa zan sauka?"